Yadda aka gano mana ciwon huhu mai toshe numfashi

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ke fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, ko yake jinyar mai shi, ya faɗa mana yadda aka gano ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, duk da haka da yawa daga masu ɗauke da shi ba su taɓa jin sunansa ba.

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Na daɗe ina shan taba, har tarin asuba da kakin majina suka zame mini jiki. Abin da ya kai ni asibiti shi ne haki, domin sai da ta kai idan zan hau bene sai na tsaya a tsakiya, na dafa bango, ina jiran numfashi ya dawo. Gwajin bai da wuya ko kaɗan: an matse mini hanci da ɗan maƙali, na cika ƙirjina da iska, na hura cikin bututu da iya ƙarfina har iskar ta ƙare, sannan aka ba ni maganin shaƙa aka maimaita. Likita ya bayyana mini cewa mai lafiyayyen huhu yana fitar da mafi yawan iskar a daƙiƙar farko, wanda kuma ya gaza kashi 70 cikin 100 bayan maganin, hanyoyin numfashinsa sun ƙuntata. Na bar taba tun daga lokacin.

Mai jinyar mahaifiyarta:
Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Mahaifiyata ba ta taɓa kai taba bakinta ba, hayaƙin itace na shekaru masu yawa a madafin da ba shi da taga ne ya cinye mata huhu. Mun yi ta cewa tsufa ne, ita ma ta riƙa rage ayyukanta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta yi ƙorafi ba. Hoton ƙirji bai nuna wani abin kirki ba, gwajin hurawar ne ya fito da ciwon.

Ma'aikaciyar jinya:
Wannan rage aiki a ɓoye, 'yar'uwa, shi na fi gani a wurin marasa lafiya, kuma a ganina shi ne ke jinkirta zuwa asibiti. Abin da ya lalace na huhu ba ya dawowa, amma barin hayaƙi, maganin shaƙa, rigakafin mura da na nimoniya, da motsa jiki bisa shawarar likita suna rage saurin ciwon. Wanda ya haura shekara 40 yana tari da haki, ko aikinsa na ƙura ne, ko ya taɓa yin tarin fuka, ya nemi gwajin hurawa da bakinsa. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, a fara da gwajin majina don a duba ko tarin fuka ne.