Mutum miliyan 5 a faretin Cubs na 2016: gaskiya ne ko an yi ƙari?

Nura Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo kuma jiya ma an sake turo ta, wai ranar da 'yan Chicago Cubs suka zagaya gari da kofin besbol a 2016 mutum miliyan 5 ne suka fito kan titi, har ana cewa shi ne taro na bakwai mafi girma a tarihin ɗan Adam. Ni dai wallahi ban yarda ba. Garin Shikago kaf ɗinsa mutum miliyan 2.7 ne fa, da jarirai da tsofaffi da waɗanda ke kwance a asibiti. To daga ina sauran suka ɓullo? Muna da mazauna can a gidan nan, dan Allah su yi mana bayani.

Alhaji Sani Shikago: Wa'alaikumus salam Malam Nura. Ni ganau ne ba jiyau ba, ina tuƙin tasi a garin a lokacin. Ranar Juma'a ce 4 ga Nuwamba 2016, kuma ba 'yan Facebook ne suka ƙirƙiri adadin nan ba, hukumar birnin ce da kanta ta faɗa, ofishin su na kula da agajin gaggawa. Kuma lissafinka na miliyan 2.7 cikin birni ne kawai, idan ka haɗa da garuruwan kewaye mutum ya kai miliyan 9 da rabi, ga 'yan Indiana ga 'yan Wisconsin ga 'yan Iowa, don Cubs ba ta 'yan Shikago kaɗai ba ce, shekara da shekaru tashar WGN tana haska wasanninta a faɗin Amurka yara sun taso da ita a jihohin da ba su da ƙungiya. Sannan ranar makarantun gwamnati na birnin ba karatu. Kogin da ya ratsa gari ma sai da aka rina shi ya koma shuɗi launin ƙungiyar. Tun asuba mutane ke tururuwa, ni ajiye motar na yi don ba hanya.

Hauwa'u M.: Baba Alhaji ni tambayata daban ce, mene ne abin tashin gari haka a kan kofi ɗaya? Ba duk shekara ake cin sa ba?

Alhaji Sani Shikago: 'Yata duk shekara ake ci amma ba su ke ci ba. Rabon Cubs da kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, tun 1908, shekara 108 kenan, a lokacin ko Najeriya ba a haɗe ta ba don sai 1914 aka yi wannan. Rabonsu da zuwa wasan ƙarshe ma tun 1945, shekarar da aka kori wani mai gidan giya Billy Sianis daga filin Wrigley, gidan Cubs, saboda ya shigo da bunsurunsa, mutanen gari suka riƙa cewa bakinsa ne ya kama ƙungiyar. Mu dai mun san camfi ne amma su sun riƙe abin shekara 71. Kuma yadda aka ci ɗin ma, wasa bakwai ake yi wanda ya fara cin huɗu ya ɗauka, abokiyar karawarsu Cleveland ta ci 3 Cubs na da 1, kowa ya fidda rai, sai suka ci uku a jere. A wasa na bakwai a gidan Cleveland suna gaba da 6 da 3 a zagaye na takwas aka farke musu, Rajai Davis na Cleveland ya maka ƙwallon ta fice daga fili aka koma 6 da 6, sai ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17, aka dawo zagaye na goma Ben Zobrist na Cubs ya bugo wadda ta ba su gaba, aka tashi 8 da 7. Na ga dattawa fararen gashi suna kuka kamar yara a daren nan. Wanda bai ga wannan ba zai yi wuya ya gane me ya fito da mutane.

Injiniya Bashir Kaduna: Alhaji ba wanda ya ce ba a fito ba, an fito kuma taro ne babba ƙwarai. Amma miliyan 5 lissafi ne kuma lissafi ana iya gwada shi. Daga Wrigley zuwa Grant Park inda aka yi gangamin ƙarshe hanyar ba ta wuce kilomita 10 zuwa 11 ba. Mu ce 10, gefe biyu na titi, mita 20,000 kenan. A ce ma dandalin ya ɗauki miliyan 1, saura miliyan 4, raba su a mita 20,000 zai ba ka mutum 200 a kowace mita ɗaya ta bakin titi. Mutum biyu ne ke iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a mita ɗaya, kenan sahu 100 a jere a bayan juna, dama da hagu, tun daga farkon hanya har ƙarshenta ba giɓi. Titin Michigan dogayen benaye ne gefe da gefe, ina za a sa sahu 100? Kuma wuraren da hukuma ta ware don kallo ma uku ne, wani yanki na titin Addison, wani na titin Michigan, sai titin Columbus.

Alhaji Sani Shikago: Injiniya ka rage wa dandalin daraja ne. Grant Park eka 319 ce, wajen murabba'in mita miliyan 1.3, sa mutum huɗu a kowace mita ka ga ko ba ka samu miliyan 5 ba a nan kaɗai.

Injiniya Bashir Kaduna: Yallabai wannan sai in an sare bishiyoyi duka an rushe gidan adana zane-zane na Art Institute an cike maɓulɓular Buckingham an rufe layin dogon da ya ratsa ta ciki, don duk suna cikin eka 319 ɗin. Kuma huɗu a mita ɗaya matsi ne wanda mutum ba ya iya juyawa, ba a samun sa sai gaban dandamali. Akwai hanyar ƙirga taro da wani malamin aikin jarida a jami'ar Berkeley, Herbert Jacobs, ya fito da ita a shekarun 1960, yana leƙen masu zanga-zanga ta tagar ofishinsa a filin da ƙasansa ke da zanen murabba'i, yana ƙirga nawa ne a kowane gida. Abin da ya samu, taro mai sako-sako mutum ɗaya ne a kusan mita ɗaya, mai cunkoso biyu da ɗan wani abu. A wannan dandalin dai Obama ya yi jawabin cin zaɓe a 2008, duniya ta ga hotunan ba masaka tsinke, kuma adadin da aka bayar 240,000 ne.

Maman Ilham: Ni ma ina nan kusa da Shikago a lokacin, kuma Baba Alhaji ka yi haƙuri zan saɓa maka kaɗan. Tambayar da nake yi wa mutane ita ce da me suka zo? Hukuma ta roƙi kowa kar ya zo da mota, an rufe tituna, to jirgin ƙasa ne. Jiragen cikin gari na CTA sun ce ranar suka kafa tarihi da shiga sama da miliyan 1.1, na Metra masu ɗauko mutanen kewaye kuma wajen 460,000. Haɗa su bai wuce miliyan 1.6 ba, kuma wannan zuwa da dawowa ne, wanda ya je sai ya koma gida, raba biyu 800,000, a ciki har da irinmu da aiki muka tafi ba kallo ba. Ƙara na bas, ƙara masu tafiya a ƙafa, ƙara ma'aikatan ofisoshin tsakiyar gari da suka sauko, ƙara waɗanda suka kwana a otal, ka ninka ma in ka so, har yanzu da sauran tafiya mai nisa kafin miliyan 5. Na sha wahalar jirgi ranar, na ga cikar da idona, amma cikar jirgi tana da iyaka kuma an rubuta ta.

Malam Issoufou Damagaram: Hajiya ta gama magana. Ni abin da nake auna shi da shi aikin Hajji ne tunda da yawanmu mun je. A wannan shekarar ta 2016 alhazai ba su kai miliyan 2 ba, wajen miliyan 1.9 ne, kuma wannan ƙirge ne na biza da izini ba na kallon ido ba. Duk wanda ya sauko daga Arfa zuwa Muzdalifa ya san me ake nufi da wannan adadi, ƙasa guda ke shirya masa shekara guda, ga tantunan Mina ga jirgi ga dubban motoci ga gadar jifa mai hawa-hawa, duk da haka mutum kan yi awanni bai yi nisa ba. Yanzu a ce an tara ninkin wannan biyu da rabi da safe an sallame su da la'asar?

Sadiq Nima: Malam amma ai an yi irin haka a Ajantina. Ranar 20 ga Disamba 2022 da su Messi suka dawo da kofin duniya, an ce miliyan 4 zuwa 5 suka fito a Buenos Aires, motar 'yan wasa ta kasa ratsawa sai da aka kwashe su a helikwafta. In can ya yiwu me zai hana a Amurka?

Nura Gwammaja: Sadiq ka kawo hujjar da ke goyon bayana ne. Can ƙasa ce gaba ɗaya ta ci kofi, gwamnati ta ba da hutu, birnin da kewayensa ya haura mutum miliyan 13, mutane suka cika manyan hanyoyin mota na kilomita da kilomita, kuma sakamakon shi ne faretin ya gagara. A Shikago motocin nan masu buɗaɗɗen sama sun taso daga Wrigley sun isa Grant Park, an hau dandamali an yi jawabai, ɗan wasansu Anthony Rizzo ya miƙa wa mai ƙungiyar Tom Ricketts ƙwallon ƙarshe ta wasan, aka watse lafiya. Kuma kar a manta rabin garin ma ba Cubs suke yi ba, mutanen kudancin birni 'yan White Sox ne, ɗaya ƙungiyar besbol ta garin.

Injiniya Bashir Kaduna: Kuma duba yadda adadin ke hawa a garin. White Sox 2005 aka ce miliyan 1.75, Blackhawks na wasan ƙanƙara 2010 aka ce miliyan 2, Boston ta riga ta ce miliyan 3.2 a 2004 da Red Sox suka karya nasu jiran na shekara 86. To wane jami'i ne zai fito ya ce na Cubs bayan shekara 108 bai kai waɗannan ba? Dole a ɗora. A Amurkar ma an san rigimar nan, 1995 a gangamin Million Man March a Washington hukumar kula da dandali ta ce 400,000, masu shiryawa suka yi barazanar kai ƙara, Farouk El-Baz na jami'ar Boston ya sake ƙirgawa daga hotunan sama ya samu 837,000, daga nan majalisa ta hana hukumar ƙirga taro. Mu ma nan mun ga gangamin mutum miliyan biyu na Abuja a 1998 lokacin Abacha, tun kafin a taru aka raɗa masa adadin.

Alhaji Sani Shikago: To na ji lissafinku kuma ba ni da abin da zan ce a kan na jirgi. Amma haɗa shi da na Abuja bai yi min daɗi ba gaskiya, waɗannan ba wanda ya ɗauko su a mota ko ya ba su ko sisi. Ku je ku nemi hotunan bangon filin Wrigley a makon nan, mutane sun zo da alli sun cika bulon da sunayen iyayensu da kakanninsu da suka mutu suna jiran wannan rana, wasu maƙabarta suka nufa da hula da tutar ƙungiya suka ajiye a kan kabarin mahaifinsu. Fasinjojina a kwanakin nan ba wanda ya yi min zancen adadi, kowa zancen babansa yake ko kakarsa da ke sauraron wasa a rediyo. Ku kuna ta mita da sahu.

Maman Ilham: Baba ba wanda ya taɓa wannan, ni ma na ga bangon kuma ya taɓa min zuciya. Amma ai shi ya sa ƙarin yake min ciwo, taron da ya kai miliyan ɗaya ko biyu a gari guda abin mamaki ne da kansa ba ya buƙatar a yi masa ciko. Kuma adadi ba wasa ba ne, da shi ake tsara 'yan sanda nawa motar asibiti nawa ƙofar fita nawa. In wani gari ya ɗauka cewa an taɓa zuba miliyan 5 a wuri kamar wannan an tashi lafiya, sai ya yi sakaci da nasa shirin.

Sadiq Nima: Ni har yanzu ina ganin hukuma tana da helikwafta da kyamarori, ta fi mu gani, ba za ta faɗi abu haka kawai ba.

Nura Gwammaja: To Sadiq ga wata hukumar mai helikwafta. Los Angeles ta fi Shikago yawan jama'a, kusan miliyan 4 a cikin birni, Dodgers suka ci kofi a 2024 suka yi fareti ranar 1 ga Nuwamba, kuma su ma a ƙishirwe suke don na 2020 korona ta hana su fita rabonsu da fareti tun 1988, ga shi ranar ta dace da ranar haihuwar gwarzonsu Fernando Valenzuela da ya rasu kwanaki kaɗan kafin nan. Adadin da aka bayar bai wuce 250,000 ba. Na yarda na Cubs ya fi shi nesa ba kusa ba, ninki huɗu ninki shida duk zan karɓa, amma ninki 20 kake so in yarda da shi?