Renaissance da Hausa: farfaɗowa, farkawa ko tajdidi?

Mai fassara: Malamai, kalmar nan Renaissance tana neman suna guda a littattafan tarihi. Wasu na rubuta "sake haihuwa", wanda kunnen Bahaushe ke kai wa ɗakin mai jego. Ina ganin "farfaɗowa" ta fi. Wanda ya suma ne ke farfaɗowa, kuma haka Italiyawan ƙarni na 14 zuwa 16 suka ɗauki kansu: ilimin Girka da Rum ya suma, su Petrarch suka tono tsofaffin rubuce-rubucen Latin, attajiran Florence irin gidan Medici suka zuba dukiya.

Malamar tarihi: Malam, ta dace da Italiya, har da zamanin Sarki Shalman (Charlemagne) na yammacin Turai, lokacin da malaminsa Alcuin ya gyara makarantu ana kwafar littattafai da sabon salon rubutu. Amma gwada ta a Harlem, unguwa a birnin New York na Amurka, a shekarun 1920, wadda ita ma ake ce wa Renaissance. Me ya suma a can? Baƙar fata ne suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa, adabi da kiɗa suka bunƙasa. Nahda ta Masar da Sham kuwa, wato yunƙurin ilimi da adabin Larabawa na ƙarni na 19, rabinta ɗauko na waje ne: maɗabba'ar Bulaƙ, tafiyar Rifa'a al-Ɗahɗawi Faris a 1826, makarantar harsuna da ya jagoranta. Wannan "farkawa" ce.

Malamin Larabci: Malama, "farkawa" tana da mai ita. Da ita muke fassara sahwa, wato farkawar Musulunci ta shekarun 1970, sai mai karatu ya haɗa ƙarni na 19 da shekarun 1970. "Tajdidi" ma a bar ta inda take: jaddada addini ce, shi ya sa ake kiran Shehu ɗan Fodiyo Mujaddadi. Ba ta ɗaukar zane da sassaƙa. Nahda a rubuta Nahda kawai, ɗaliban Larabci sun riga sun san ta.

Mai fassara: To ga matsaya. "Farfaɗowa" ce babbar kalma, amma kada ta tsaya ita kaɗai, domin "farfaɗowar Italiya" sai a zaci tattalin arziki ake nufi. A farkon ambato a ce "Zamanin Farfaɗowar Ilimi da Fasaha a Turai", daga baya "Zamanin Farfaɗowa". Ta Bengal a Indiya, ta su Ram Mohan Roy, ta bi wannan ƙa'ida.

Malamar tarihi: Na yarda, ban da Harlem. Can dai "Bunƙasar Adabin Harlem" zan ci gaba da rubutawa.