Na ƙara rauta ta biyu, yanzu intanet sai ta ga dama take zuwa

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana netwok ku taimaka min. Sigina ba ya kaiwa ɗakunan baya shi ne na samo wata rauta (na'urar raba intanet) na ja kebul daga ta farko na jona mata, to tun daga ranar abu ya rikice, wani lokaci waya ta hau lafiya lau wani lokaci kuma ta nuna ta kama Wi-Fi amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa, laftof ma haka, firinta kuwa ta ɓace gaba ɗaya. Na kashe na kunna har na gaji. Rautar ce ba ta da kyau ko kebul ne?

Injiniya_MK:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka zargi kebul, a wane rami ka soka shi a bayan rauta ta biyun, WAN (ramin da intanet ke shigowa) ko LAN (ramukan jona na'urorin gida)? Sannan daidai lokacin da intanet ɗin ta ɗauke ka buɗe cmd (wurin rubuta umarni a Windows) a laftof ka rubuta ipconfig, ka faɗa mana abin da ke gaban IPv4 Address (lambar laftof ɗin a netwok) da Default Gateway (lambar rautar da yake bi ya fita intanet).

Abu_Hanif:
A LAN na saka. Idan tana aiki gateway 192.168.1.1 nake gani, yanzu da ta ɗauke kuma 192.168.0.1 ne

Injiniya_MK:
Yauwa, kebul ɗinka lafiyarsa ƙalau. DHCP biyu ne ke aiki a netwok ɗaya, wato kowace rauta rabon lambobin IP take yi, duk na'urar da ta shigo ta nemi lamba wadda ta riga amsa mata ita za ta bi, in ta biyun ce ta riga sai ta ce ta nan za ki fita alhali ita ba ta da hanyar fita. Ɓatan firinta ma daga nan ne, tana 192.168.1 laftof yana 192.168.0, ba za su ga juna ba.

Ka zare kebul ɗin da ya haɗa su tukuna, ka jona laftof kai tsaye da ta biyun ka shiga 192.168.0.1 ta burauza. Fara canza mata IP zuwa 192.168.1.2, za ta sake tashi, ka koma ta sabuwar lambar ka kashe DHCP, sai ka mayar da kebul LAN zuwa LAN. Don Allah kar ka manta ka leƙa ta farko ka tabbatar .2 ba ya cikin lambobin da take rabawa, in yana ciki ka sa rabon ya fara daga .100. A laftof ka yi ipconfig /release sannan ipconfig /renew don ya saki tsohuwar lamba ya karɓi sabuwa, wayoyi kuma a kashe Wi-Fi a kunna. In rauta ta biyun tana da Access Point mode a saitin ma ya fi sauƙi, shi ke yin duk wannan da kansa.

Ummu_Safiyya:
Wasu za su ce ka mayar da kebul ɗin WAN kawai, intanet za ta zo kam amma netwok biyu ka yi kenan, wanda ke kan ta farko ba zai ga firintar da ke kan ta biyu ba, ni ban ba ka wannan shawarar ba. Ka bi ta Injiniya. Ƙari a kai, a Wi-Fi na 2.4GHz ka raba wa rautocin channel, wato tashar da kowace ke watsa sigina, ɗaya 1 ɗaya 6 ko 11, ka ba su suna da fasuwod iri ɗaya yadda waya za ta riƙa komawa da kanta. Firinta kuma ka kama mata lamba ta dindindin a DHCP reservation na ta farko.

Abu_Hanif:
Alhamdulillah ya yi, firinta ta dawo, Allah ya ƙara ilimi. Saura tambaya ɗaya, kebul ɗin yana da tsawo sosai, ba zai rage gudu ba?

Injiniya_MK:
Amin. In kebul ɗin nau'in Cat5e ne ko Cat6 kuma bai wuce mita 100 ba babu damuwa. Ka dai duba saurin da ramin ya nuna a saitin, in rautocin duka na gigabit (1000Mbps) ne amma ka ga 100Mbps to mai yiwuwa wani silin waya ne bai zauna a kan kebul ɗin (RJ45) ba, a sake matse kan.