Shagon kawuna a intanet yana fitowa fari fat a talho, in koma Next.js?

Ɗan Ader

Assalamu alaikum. Kawuna dukanci yake yi a nan Tahoua: takalma, jakunkunan mata da tumtum na fata. Yawancin masu sayensa a Yamai suke, sai ya kai kayan tasha a saka a mota. Ya gaji da tura hotuna ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ce zan haɗa masa shago a intanet. Na yi fuskar shagon da React da Vite, wato kayan aikin gina shafin intanet, kaya 46, kowanne da hoto uku.

A kwamfutata kamar walƙiya. Jiya bayan la'asar na je rumfarsa don in yi burga, muka buɗe a itel ɗinsa, sai fari fat. Muna zaune har mai shayi ya zuba na biyu kafin takalmin farko ya leƙo. Kawu bai ce komai ba, ya mayar da talhon aljihu ya ɗauki basillarsa. Wallahi da ya yi mini faɗa ya fi mini sauƙi.

Ga wasu biyu kuma: in rezo ya yanke aka sake buɗe shafin, kwandon saye ya koma fanko. In mutum ya rubuta "karamar jaka" a wurin nema, ba ya samun "ƙaramar jaka". Wani abokina ya ce in rushe komai in koma Next.js, wani tsarin gina shafi. Anya?

Tsohon Plateau

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka rushe tukuna. Nawa ne nauyin hoto ɗaya? Na ci amanar kaina in ba yadda kyamara ta ɗauke su ka zuba su ba, mega uku ko huɗu kowanne. Lissafa da kanka: hoto 138. Ko wane tsari ka koma, wannan kayan ya fi ƙarfin jakin.

Rage faɗinsu zuwa piksel 800, na jerin kaya ma 400 ya isa, ka mayar da su WebP, nau'in hoto mai ƙarancin nauyi. Sa loading="lazy" ga duk hoton da ke ƙasa, don kada ya sauko sai mai kallo ya gangaro wurinsa. Ka rubuta faɗi da tsawon kowanne a cikin HTML, in ba haka ba shafin zai dinga tsalle, mutum ya nufi jaka yatsansa ya faɗa kan takalmi.

Farin kuwa halin React ne in an bar aikin duka ga talho. Abin da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ke aikowa da farko kusan fanko ne, sai JavaScript, kod ɗin da ke tafiyar da shafin, ya gama saukowa, talhon ya karanta shi, sannan ya zana shafin. Ƙaramin talho yana shan wahala a wurin karatun, ba a saukowa kaɗai ba. Next.js, wanda ya fito a 2016, yana shirya HTML tun a sabar ko lokacin gini, shi ya sa rubutu da farashi ke bayyana da wuri. Abokinka bai yi ƙarya ba ke nan, kuma tunda Next a kan React yake, yawancin guntayenka za su bi ka. Amma ga kaya 46 ni Astro zan duba, wani tsarin ne irin Next.js, ba ya aika JavaScript sai inda ka ce, kamar kwandon.

Kuma ka daina gwaji da wifi. A kayan aikin Chrome akwai inda ake rage saurin intanet zuwa na 3G. Mafi kyau ma, ari talhon kawun naka.

Maman Nana, Wadata

Ɗana, ni ba na jin yarenku, atamfa da shadda nake sayarwa, yaron ƙanwata ne ya yi mini irin wannan. Abu ɗaya zan gaya maka. Ya ɓata wata biyu yana gina wurin buɗe asusu da kalmar sirri, ba wadda ta taɓa cikewa. Mace ta ga zane, so take ta ji murya, ta ce Hajiya a rage mini jika ɗaya. Daga baya ya sa maɓallin da ke kai mutum WhatsApp da sunan kayan a rubuce, sai ciniki ya tashi. Kuɗi kuma ta Nita ko Amana suke turowa, wasu Airtel Money. Ka tambayi kawunka ko yana so a ga farashin ƙarshe a fili, dattawan kasuwa ba duka ke son haka ba.

Hadiza mai kod

Maganar Maman Nana ita ce wa.me, adireshin da ke buɗe WhatsApp: lambar da 227 a gaba, ba alamar tarawa, sai ?text= da saƙon, ka bi da shi ta encodeURIComponent don ya shiga adireshin daidai.

Kwando: ajiye lambar kaya da adadi a localStorage, ma'ajiyar da ke cikin talhon mai saye, ka karanto su in shafi ya buɗe. Kada ka ajiye farashi a can, kowa na iya canza shi. Ranar da ka haɗa biya ta intanet, sabar ce za ta yi lissafi. Kuma duk abin da ka sa wa VITE_ ko NEXT_PUBLIC_ a gaba yana isa talhon mutane, kada mabuɗin sirri ya shiga ciki.

Neman kuwa ya taɓa cin mini dare guda. normalize("NFD") yana raba é da alamarta, har ka iya share ta, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa. Sai ka musanya su da hannu zuwa k, d, b, y, a abin da aka rubuta da kuma sunan kayan, kafin ka gwada su. Duba salon rubutunka ma, wasu ba su da masu lanƙwasa. Noto Sans yana da su.

Ɗan Ader

Na gode ƙwarai. Yaya, ka canka: hoto ɗaya mega 3.8. Na rage su daren jiya, babban cikinsu yanzu bai kai kilobayit 90 ba. Farin yana nan amma ɗan kaɗan, zan gwada Astro ranar Lahadi. Anti Hadiza, neman ya gyaru da layi huɗu.

Mama, na tambayi kawu zancen farashi. Ya ce a rubuta na takalma, na tumtum kuwa a bar shi, sai ya ji muryar mai saye.