Me za mu kira "flow" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "nutso"

Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. Akwai yanayin da kowa ya sani amma ba mu raɗa masa suna ba. Ka zauna kan aiki, ɗinki ne ko rubutu ko gyaran wata na'ura, sai ka ɗago kai ka tarar rana ta faɗi, ƙafarka ta yi tsami, an ƙwala maka kira sau biyu ba ka ji ba. Bature na ce wa wannan "flow".

Wanda ya raɗa sunan shi ne Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam, ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Shikago a Amurka, ya rasu a 2021. Tun a 1975 ya wallafa bincikensa, bayan ya yi hira da masu hawan duwatsu, 'yan wasan ches, likitocin tiyata da 'yan rawa. Wasunsu sun ce masa ji suke kamar ruwa ne ke tafiya da su. Asalin sunan ke nan.

To, "kwarara" ko "gudana" su ne fassarar baki da baki, kuma ba su yi ba. Ka ce wa mutum "ina cikin kwarara" ka ga irin kallon da zai yi maka. "Gudana" kuwa 'yan jarida sun riga sun mallake ta, kullum taro ne ke gudana.

"Natsuwa" ta fi kusa, sai dai mutum na iya natsuwa yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba, alhali abin da muke magana a kai ba ya samuwa sai hannu ko ƙwaƙwalwa na aiki. "Mai da hankali" akwai tilasta wa kai a ciki, irin na ɗalibin da ke karanta layi ɗaya sau huɗu. "Shagala" ta kama mantuwar lokaci daidai, amma kalma ce ta zargi, ba a yabon mutum da ita. "Duƙufa" ƙwazo ne, ana iya duƙufa ana tsaki.

Shi ya sa na zaɓi "nutso". Ku lura da bambancinsa da "nutsewa": wanda ya iya ruwa shi ke nutso, da ganganci, ya kuma fito lafiya. Wanda bai iya ba nutsewa yake yi. Wannan bambancin kusan shi ne zuciyar binciken mutumin, domin ya ce sai wahalar aiki ta yi daidai da gwanintar mai yin sa. In aikin ya yi maka sauƙi ainun, ruwa ne iya gwiwa, ba wurin nutso, sai gundura. In ya fi ƙarfinka, fargaba ta shigo, kana ta fafutukar neman numfashi.

Sauran sharuɗɗa biyu da ya kawo su ma kalmar ta ɗauke su. Mai nutso ya san abin da ya shiga ɗaukowa. Kai ma kada ka zauna da niyyar "zan yi karatu", ka ce shafi goma na babi kaza zan gama. Sannan aikin ya riƙa nuna maka nan take ko ka yi daidai, yadda tela ke ganin layin ɗinki ya karkace tun bai kai ƙarshen yadi ba. Waya kuwa, ƙararta ɗaya ta isa ta fito da kai saman ruwa, komawa ƙasa kuma sai an sake shan wahala. Ni ɗaki daban nake ajiye tawa, don na gwada kife ta kan tebur, idona na kanta.

Inda kalmar ta gaza, ba zan ɓoye ba: nutso na ɗan lokaci ne, ana riƙe numfashi, kuma babu tafiyar nan ta ruwa a cikinsa. Amma ku sa ta a baki ku ji: "Kar a taɓa ta, ta yi nutso." "Yau na kasa nutso sam." Wanda ke da wadda ta fi wannan zama a jimla, ya kawo mu gwada.