Ƙanina ya fito da ƙuraje: ƙaranbau ne ko ƙyandar biri?

Mai tumatir, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya. Ƙanina ya kwana uku yana zazzaɓi da ciwon baya, shekaranjiya kuma ƙuraje suka feso masa a fuska da tafin hannu, manya, cike da ruwa, tsakiyarsu ta ɗan lotsa. Ga kaluluwa a wuya. Mai kemis ya ce ƙaranbau ne, amma hankalina bai kwanta ba. Ina tunanin sa shi a mota ya koma gida wajen Inna. Me kuka gani?

Alhaji, Agege:
Allah ya ba shi lafiya. Ka mayar da shi gida kawai, Legas ba wurin jinya ba ce.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Alhaji, a yi min afuwa, kada ya hau mota. Kwana guda kafaɗa da kafaɗa da mutane, sannan Inna ce za ta riƙa wanke masa kaya.

Ɗan'uwa, kaluluwar nan da ƙuraje a tafin hannu su ne suka sa nake zargin ƙyandar biri. Amma ido ba ya yanke hukunci. Ana goge ruwan ƙurjin ne a kai ɗakin gwaji. Kira 6232, layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) ne, kyauta, ko ku je asibitin Mainland da ke Yaba. Ya sa riga mai dogon hannu da takunkumi.

Ta haɗuwar fata da fata take yaɗuwa, da zanin gado, tawul, har da saduwa. Ku ware masa tabarmarsa, butarsa da kwanonsa. Kada ya fasa ƙurajen ko ya sosa. Farasitamol, ruwa da yawa, kuma in ƙurji ya kusanci ido ko ya kasa haɗiye abinci, asibiti nan take. Yawanci mako 2 zuwa 4 take yi, kuma yana iya sa wa wani har sai ɓawon ya zube, sabuwar fata ta fito. Ku huɗun nan ku sa ido a kanku kwana 21. Kada mai ciki ko ƙaramin yaro ya shiga ɗakin.

Ɗalibi, Akoka:
Anti ta gama magana. Wasu na cewa cutar Turai ce, alhali tun 2017 ta sake ɓulla a Bayelsa, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2022 da 2024. Kuma kada wani ya sayar muku da "maganinta": ko maganin tecovirimat da aka gwada a Kwango bai sa ƙurajen sun warke da sauri ba. Kulawa mai kyau ce ta fi taimakon marasa lafiyar.

Mai tumatir, Mile 12:
Na gode. Na fasa maganar mota. Sauran ukun za su kwana a rumfa yau, gobe da asuba mu nufi Yaba. Anti, tabarmar fa, ƙonewa za mu yi?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
A'a. Ruwan zafi da omo, ka sa safar hannu, kada ka kakkaɓe ta.