Wai sintisaizar analog ce kaɗai ke da rai?

Baba Ɗanlami: Salamu alaikum. Wani abokina ya ba ni aron Minimoog na mako guda, tsohuwar sintisaizar nan mai jikin katako, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, kuma jiya a kanta na kwana. Zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji: sintisaizar analog, mai fitar da sauti kai tsaye daga wuta ba da lissafin kwamfuta ba, ita kaɗai ke da rai. Dijital da manhajar kwamfuta hoton tuwo ne, a kalla a kwana da yunwa. Minimoog ɗin nan osileta uku gare ta, wato masu haifar da sautin. Na saki ɗaya ta ɗan kauce wa 'yan uwanta, na rufe filta, mai tace sautin, rabi, bes ɗin da ya fito sai da kwanukan kicin suka amsa. Tun 1970 aka fito da ita, har yau ba a haifi wadda za ta ja da ita ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Amma a nan ban bi ka ba. Na'urar da za ka danna mata maɓalli uku ta amsa ɗaya? Kuma ba ta ajiye sauti. Ka sha wahala ka haɗa abu mai daɗi yau, gobe jikanka ya murɗa maka abu ɗaya, shi ke nan an yi asara.

Baba Ɗanlami: Algaita ma murya ɗaya take fitarwa, ka taɓa jin an raina ta a ƙofar fada?

Sadiq: Mai algaita ba ya jiran ta ɗau zafi kafin ya busa, Baba.

Injiniya Bala: Ku bari mai gyara ya sa baki, tunda mu muke buɗe cikinsu. Abin da Baba yake kira rai yana da suna a wajenmu: rashin tsayuwa waje ɗaya. Osiletar analog da ƙarfin wuta take aiki, kayan cikinta kuma zafi yana canza su. Shi ya sa muryar take ɗan hawa tana ɗan sauka, in guda biyu suka haɗu sai ka ji suna goga juna, sautin ya yi kauri. Da gaske ne, kunne yana son hakan. Amma masu ƙerawa a wancan zamanin matsala suka ɗauke shi. Prophet-5 da Dave Smith ya fitar a 1978, abin da ya sa aka yi rububinta shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka sa mata, tana ajiye sauti, ga murya biyar. Juno-106 ta Roland kuwa, ta 1984, wadda Baba yake yawan yabo, agogon dijital ne yake riƙe da osiletarta don kada ta kauce. To a ina analog ta tsaya, a ina dijital ta fara?

Baba Ɗanlami: Filtarta analog ce, Malam Bala. A nan gishirin yake.

Injiniya Bala: To mun ragu ke nan. Da farko duka na'urar ce, yanzu saura filta.

Anti Maryam: Ni aikina haɗa sautin wasan kwaikwayon rediyo ne, bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa. Baba, da girmanka, akwai sautin da Minimoog ba za ta ba ka ba ko ka kwana bakwai a kanta. Ƙararrawa, ƙarfe in an buga, ƙarar gilashi, fiyanon nan mai ƙyalli da ya cika waƙoƙin soyayya na Turawa a shekarun 1980. Wannan gonar Yamaha DX7 ce, ta 1983, kuma dijital ce tsantsa. Dabarar FM take amfani da ita, wadda John Chowning ya gano a jami'ar Stanford: igiyar sauti ɗaya tana girgiza wata da sauri har wani launi ya fito wanda babu shi a cikin kowaccensu. Shida ne masu girgiza junan, hanyoyin jera su 32. Da ƙaramar Volca FM, wadda take karɓar sautukan DX7, na haɗa ƙarar tabarya a turmi da ta shantu, babu wanda ya gane a situdiyo. In wannan ba rai ba ne, ban san sunansa ba.

Baba Ɗanlami: 'Yata, na riƙe DX7 shekara huɗu lokacin da muke kiɗan otal a Jos. Ki tambayi duk wanda ya riƙe ta, mutum nawa ne suka taɓa haɗa sautinsu a ciki? Ɗan allo kamar akwatin ashana, abin ja guda ɗaya, ka shiga nan ka fita can kamar mai neman fayil a sakatariya. Kowa abin da kamfani ya zuba yake dannawa. Shi ya sa waƙoƙin lokacin duk fiyanonsu uwa ɗaya uba ɗaya.

Anti Maryam: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka lura, ba sautinta ka kushe ba, fuskarta ka kushe. Abin da kake so a Minimoog shi ne komai yana waje, kowane aiki da abin murɗawarsa, kunne yana ji hannu yana gyarawa a lokaci guda. Ka duba TB-303. Roland ta yi ta a 1981 don ta maye gurbin mai jitar bes, ba ta yi kama da jita ba, aka daina yin ta. Sai samarin Chicago suka tsince ta da araha, suka bar ta tana maimaita layi ɗaya suna murɗa filta, wani salon kiɗa sukutum ya fito daga nan. Ba don analog ce ba, don akwai abin kamawa a murɗa ne.

Baba Ɗanlami: Analog ce dai.

Issoufou: Ina gaida manya daga Yamai. Ku kuna ta Amurka da Japan, ga namu a gida. Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa a 1978 da ogan ɗin lantarki na Italiya, Orla, ba wata babbar na'ura ba. Shekara da shekaru ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na Nijar tsakanin shiri da shiri, mutane da yawa ba su ma san mai shi ba. A 2013 kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds ya sake fitar da shi, Turawa masu ɗakuna cike da Moog suka zauna suna saurare. Da ya jira sai ya samu irin ta Baba, da ba mu ji komai ba.

Injiniya Bala: Ogan daban, sintisaiza daban, Issoufou. Amma na ji inda ka dosa.

Sadiq: Yauwa. Mu ma nan wace analog ce ta raini waƙoƙin finafinan Hausa? Fiyanon Yamaha PSR ce, har aka riƙa cewa kiɗan fiyano. Sannan gangar nan ta amapiano da take girgiza motoci yanzu, log drum, daga Fruity DX10 take, wata 'yar manhaja a cikin FL Studio da muke haɗa kiɗa da ita a kwamfuta, ita ma FM ce. Duk wanda yake son DX7 kuma ga manhajar Dexed kyauta, tsofaffin sautukan DX7 take buɗewa. Kuma a ƙarshe ina waƙar za ta? A matse ta, a tura ta waya, a ji ta a sifikar mai shayi.

Baba Ɗanlami: Kai mai saurare kake yi wa lissafi, ni mai kiɗa nake magana. Ka yi kalangu da linzamin kwamfuta mu gani. Kalangu hammata ce take matse shi ya yi magana. Ni da babban yatsa a kan wilin lanƙwasa murya nake yin wannan matsin, in sa shi ya kira sunan mutum. Kai sai ka zana layi a allo, ka kunna, ka goge, ka sake zanawa.

Sadiq: Wilin nan ai har ƙaramin kibod na MIDI, wanda ake haɗawa da kwamfuta, yana da shi.

Anti Maryam: Sadiq, a nan ka rage murya. Na gwada duka biyun. Abin da nake samu bisa kuskure in ina murɗe-murɗe ya fi abin da nake samu in na zauna da niyya a gaban allo. A kwamfuta sai in ɓata awa ina zaɓe cikin sautuka dubu, ban haɗa ko ɗaya ba.

Injiniya Bala: Wanda zai saya dai ya tuna inda yake zaune. Ƙurar hunturu tana shiga abin murɗawa ya fara ƙarar yashi. Zafin Afrilu yana sa tsohuwar analog ta yi ta yawo. Kayan Amurka na wuta 120 ne, na Japan 100, namu ya haura 200. Wata guda bai cika ba da aka kawo min wata da mai ita ya soka kai tsaye, hayaƙi ne ya sanar da shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Minilogue ta Korg, analog ce mai murya huɗu kuma tana ajiye sauti, ko MicroFreak ta Arturia, osileta dijital filta analog, ta raba muku gardama. Model D ta Behringer kuma kwaikwayon ta Baba ce a kuɗi kaɗan.

Baba Ɗanlami: Kama da wane ba ta wane.

Sadiq: To a gwada. Baba, in ka yarda in zo bayan la'asar da Model D ɗin abokina da kwamfutata. Layi ɗaya za ka kaɗa a kan ukun, in cakuɗa su, in turo nan ba suna.

Baba Ɗanlami: Ƙofa a buɗe take. Ka taho da ƙosai.

Sadiq: Jama'a na je gidan Baba mun naɗa, ga su nan, na ɗaya, na biyu, na uku. Kowa ya faɗi wacce ce tsohuwar.

Issoufou: Na uku.

Anti Maryam: Na kasa raba na ɗaya da na biyu. Na ukun ya fi tsabta, ina zargin kwamfuta ce.

Baba Ɗanlami: Na biyu. Ko daga barci aka tashe ni.

Sadiq: Baba ya ci. Na biyu ce Minimoog, na ɗaya Model D, na uku manhaja. Na sara.

Injiniya Bala: Kada ka yi saurin sarawa. Ku sa abin kunne ku saurari daƙiƙa biyun farko na na biyun, kafin a taɓa maɓalli. Akwai wani ƙugi siriri a ƙasa. Wayar da Baba yake haɗa ta da mikisa ce, tun bara nake ce masa ya canza ta. Baba, tsakaninka da Allah, filta ka ji ko wayarka ka gane?

Baba Ɗanlami: Malam Bala, ni dai na ce na biyu, kuma na biyu ce.

Sadiq: A sake! Gobe zan zo da sabuwar waya.

Baba Ɗanlami: Mai ita zai karɓi kayarsa ranar Juma'a. In za ka zo ka zo da wuri, kuma wannan karon Maryam ce za ta cakuɗa, ban yarda da kai ba.